Ƙwayoyin ƙara kuzari: shin wasannin duniya na buƙatar alƙali guda?

A gasar Olamfik ta birnin Sydney a shekarar 2000, 'yan tseren Najeriya huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Amurka ce ta ɗauki zinare, aka ɗaga tutarta, aka buga takenta. Bayan shekara takwas, ɗaya daga cikin 'yan tseren Amurkan, Antonio Pettigrew, ya tsaya gaban kotu a shari'ar tsohon kocinsa Trevor Graham, ya amsa da bakinsa cewa yana amfani da sinadaran ƙara kuzari a lokacin. Sai a watan Yulin 2012 Kwamitin Olamfik na Duniya, wato IOC, ya tabbatar wa Najeriya zinaren. Sunday Bada bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a watan Disamban 2011.

Abu biyu ne suka sa na fara da wannan labari. Na farko, ya nuna irin abin da mai shan ƙwaya ke sacewa: ranar da mutum ya yi shekaru yana wa tanadi, da kuɗin lada, da kwantiragin talla, da sunan da zai ci gajiyarsa tun yana da ƙarfi a jika. Ƙarfen da aka miƙa masa bayan shekara goma sha biyu ba ya dawo da ko ɗaya daga ciki. Na biyu, babu gwajin fitsari ko na jini da ya kama Pettigrew. Rantsuwar kotu ce ta buɗe bakinsa. A riƙe wannan, don za mu yi ta komawa kansa.

Tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta ita ce: shin dole ne a samu hukuma guda ta duniya da za ta tsara dokar hana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, ko kuwa a bar kowace ƙasa da kowane wasa su ji da nasu? Akwai hukumar a yanzu, WADA, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, kuma a 'yan shekarun nan ta sha suka daga gabas da yamma. Kafin a yanke mata hukunci, ya kamata a tuna yadda duniyar wasanni take kafin a kafa ta.

An fara gwajin 'yan wasa a Olamfik ne a 1968, shekara guda bayan Tom Simpson, ɗan tseren keke na Birtaniya, ya faɗi ya mutu a kan tsaunin Ventoux a tsakiyar gasar Tour de France, da ƙwayar amfetamin a jikinsa. Amma shekaru talatin da suka biyo baya, kowa gashin kansa yake ci. Hukumar tseren keke na da jerin haramtattun magungunanta, ta ninƙaya na da nata, ta ɗaga nauyi na da nata. Laifi ɗaya zai jawo wa wannan dakatarwar shekara biyu, wancan wata uku, wani kuma jan kunne kawai. Wanda aka dakatar kan garzaya kotun ƙasarsu ta soke hukuncin.

A cikin wannan yanayi Jamus ta Gabas ta mayar da ba da ƙwaya aikin gwamnati. Ƙasa mai mutane kusan miliyan 17 ta ci zinare 40 a Olamfik ta Montreal a 1976, matanta suka lashe 11 daga cikin tsere 13 na ninƙaya. Likitoci da masu horarwa sun riƙa bai wa 'yan mata ƙanana shuɗiyar ƙwayar Oral-Turinabol suna ce musu bitamin ne. Kafin a fita da tawaga waje, sai a gwada su a ɗakin gwaje-gwaje na Kreischa, wanda aka ga alama a jikinsa a bar shi a gida. Da yawansu sun ƙare da ciwon hanta, da rikicewar halitta, da haihuwar 'ya'ya masu naƙasa. Sai bayan rushewar katangar Berlin takardun suka fito, kuma sai a shekarar 2000 kotu ta samu shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da laifi. Ben Johnson na Kanada, da aka ƙwace wa zinaren mita 100 a Seoul a 1988 bayan ya yi gudun daƙiƙa 9.79, shi ne wanda duniya ta gani. Dubban da gwamnati ke rufa wa asiri ba wanda ya taɓa su.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne wata mota. A watan Yulin 1998, jami'an kwastan na Faransa suka tare Willy Voet, ma'aikacin ƙungiyar tseren keke ta Festina, a kan iyakar Beljiyam, suka tarar da ɗaruruwan kwalaben EPO da wasu sinadarai. EPO magani ne na masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa, yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa mai dogon tsere ke kwaɗayinsa, kuma a lokacin babu gwajin da ke gano shi. 'Yan sanda suka shiga otal-otal suna kama mutane. Cikin mahaya 189 da suka fara gasar Tour de France ta shekarar, 96 ne suka kai ƙarshe. Gwamnatocin Turai suka ce tura ta kai bango, in shugabannin wasanni ba za su share gidansu ba, hukuma za ta share musu. IOC ta kira taro a Lausanne a watan Fabrairun 1999, aka kafa WADA a ranar 10 ga Nuwamban shekarar, ƙarƙashin jagorancin lauya ɗan Kanada Dick Pound.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba. WADA ba ita ke bin 'yan wasa da kwalbar fitsari ba. Aikinta shi ne rubuta kundin dokar da ya fara aiki a 2004, da fitar da jerin haramtattun sinadarai duk shekara, da ba da lasisi ga ɗakunan gwaje-gwaje kusan 30 a faɗin duniya, da sa ido kan ko masu hannu a yarjejeniyar na bin doka. In ta ga an yi wa wani sassaucin da bai dace ba, tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne. Gwajin kansa da hukuncin farko suna hannun hukumomin ƙasashe, irin su USADA a Amurka da RUSADA a Rasha da CHINADA a Sin, da kuma hukumomin wasanni na duniya. Gwamnatoci sun ɗaure kansu da tsarin ta hanyar yarjejeniyar UNESCO ta 2005, wadda ƙasashe fiye da 190 suka rattaba wa hannu. Kuɗin tafiyar da hukumar, wajen dala miliyan 50 a shekara, rabi daga IOC yake fitowa, rabi daga gwamnatoci.

Hujjar masu son hukuma guda mai sauƙi ce, kuma a ganina ba ta da makawa. Tsere ɗaya ne, layi takwas, 'yan wasa daga ƙasashe takwas. In an gwada ɗaya sau goma a shekara, ɗaya kuma ba a taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, to tun kafin a harba bindiga an gama rashin adalci. Kuma ƙasa ba ta iya zama alƙalin ɗanta. Ministan da aka naɗa don ya kawo lambobi, shi ne ke ba hukumar gwajin ƙasarsa kasafi. Haka su ma hukumomin wasanni: tauraron da za su kama shi ne ke kawo musu kuɗin talabijin. Lamine Diack, ɗan Senegal da ya shugabanci hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya daga 1999 zuwa 2015, kotun Paris ta same shi da laifi a 2020 kan karɓar kuɗi don jinkirta hukunta 'yan Rasha da aka kama. A wasan ɗaga nauyi, binciken lauya ɗan Kanada Richard McLaren na 2020 ya gano an danne sakamakon gwaji 40 a zamanin shugaban hukumar wasan, Tamás Aján. An ba kura ajiyar nama, sannan aka dawo ana mamaki.

Kuma gaskiya ne tsarin bai-ɗaya ya kawo abubuwan da babu ƙasar da za ta iya ita kaɗai. Yau manyan 'yan wasa dole su bayyana inda za a same su na awa ɗaya a kowace rana, wanda aka nema aka rasa sau uku cikin wata goma sha biyu ya faɗa tarko. Abin da ya hana Christian Coleman, zakaran duniya a mita 100 a lokacin, zuwa Olamfik ta Tokyo a 2021 ke nan. Akwai rajistar jini da ake bibiyar ɗan wasa da ita tsawon shekaru, ta yadda ko ba a ga maganin ba, za a ga sawunsa. Ana kuma ajiye samfuri har shekara goma a sake gwada shi da sabuwar fasaha. Sake gwajin samfuran Beijing 2008 da Landan 2012 ya kama mutum fiye da 100, har Usain Bolt ya rasa zinarensa ɗaya na miƙa sanda a 2017 saboda laifin abokin gudunsa Nesta Carter.

To me ya sa ake ƙorafi? Saboda Rasha.

Tun a 2010, Vitaly Stepanov, ma'aikacin RUSADA, ya fara rubuta wa WADA wasiƙu yana bayyana yadda ake shirya maguɗi. Matarsa Yuliya, 'yar tseren mita 800, ta naɗi muryoyi da hotuna a ɓoye. WADA ta yi shekaru tana cewa ba ta da hurumin bincike. A Disamban 2012, wata mai jifan faifai, Darya Pishchalnikova, ta aika wa WADA saƙo tana amsa laifinta tana neman a bincika, sai aka tura saƙon ga jami'an wasannin da take ƙorafi a kansu. Ita aka dakatar shekara goma. Maganar ba ta fito fili ba sai da ɗan jaridar Jamus Hajo Seppelt ya watsa shirinsa a tashar ARD a Disamban 2014.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin zato. Grigory Rodchenkov, shugaban ɗakin gwaje-gwaje na Moscow, wanda WADA ce ta ba shi lasisi, ya lalata samfura 1,417 kafin masu bincike su iso. Da ya gudu Amurka, ya bayyana wa jaridar New York Times a 2016 yadda aka yi a gasar hunturu ta Sochi a 2014. An huda rami a bangon ɗakin gwajin. Cikin dare ake zura kwalaben fitsarin 'yan wasan Rasha ta ramin, jami'an leƙen asiri su buɗe murfin da aka yi imani ba ya buɗuwa sai an fasa, a zubar da na ciki, a zuba tsaftataccen fitsarin da aka tara watanni kafin nan, a gyara shi da gishiri, a mayar kafin gari ya waye. Duk wannan ana yi masu sa ido na WADA suna cikin garin. Rahoton McLaren ya ce 'yan wasa fiye da 1,000 a wasanni sama da 30 sun amfana da tsarin tsakanin 2011 da 2015.

Hukuncin fa? WADA ta nemi a hana Rasha zuwa Olamfik ta Rio a 2016, IOC ta ƙi, ta jefa wa hukumomin wasanni ƙwallon, 'yan Rasha fiye da 270 suka fafata. Shugaban WADA na lokacin, Craig Reedie, mataimakin shugaban IOC ne a lokaci guda. A 2018 aka yafe wa RUSADA bisa sharaɗin ta miƙa bayanan kwamfutocin ɗakin gwajin, sai aka tarar an yi wa bayanan kwaskwarima. WADA ta yanke shekara huɗu a 2019, kotun CAS ta rage zuwa biyu a 2020, kuma ko a cikin shekara biyun 'yan wasan sun je Tokyo da gasar hunturu ta Beijing a 2022, tuta da take kawai aka hana su.

Ba a gama warkewa daga wannan ba, sai ga batun Sin. A Afrilun 2024 aka gano cewa masu ninƙaya 23 na ƙasar an same su da maganin zuciya na trimetazidine a farkon 2021, watanni kafin Tokyo. CHINADA ta ce daga ɗakin girkin otal ɗin da suka sauka abin ya shiga abincinsu. Ba a dakatar da kowa na wucin gadi ba, ba a sanar da duniya ba, WADA ta karɓi bayanin ba ta ɗaukaka ƙara ba, wasunsu suka ci zinare a Tokyo. Mai binciken da WADA ta naɗa, Eric Cottier, ya ce bai ga son kai ba. Mai yiwuwa ne gurɓatar abincin gaskiya ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rufa-rufar, domin wannan maganin dai shi aka samu a jikin Kamila Valieva, yarinya 'yar shekara 15 mai rawar ƙanƙara, wadda aka dakatar shekara huɗu duniya na kallo.

Daga nan ne zargin 'yan mowa da 'yan bora ke samun gindin zama. Ƙa'idar kundin ita ce duk abin da aka samu a jikinka, kai ke da alhaki, ka sani ko ba ka sani ba. Da wannan ƙa'ida aka ƙwace zinaren Andreea Răducan ta Romaniya a Sydney, tana da shekara 16, saboda maganin mura da likitan tawaga ya ba ta. André Onana ya yi wata tara ba ya tsaron raga a 2021 bayan ya ce ya sha ƙwayar matarsa bisa kuskure. Jannik Sinner, na ɗaya a duniya a wasan tanis a lokacin, ya daidaita da WADA kan wata uku a 2025, ya dawo daidai lokacin manyan gasa. Kowace shari'a da dalilanta, amma wanda ke da kuɗin ɗaukar lauyoyi da masana harhaɗa magunguna cikin kwana biyu, ba daidai yake da wanda ko kuɗin jirgin zuwa Lausanne ba shi da shi ba. Wani lokaci ma ɗan wasa kan biya bashin da bai ci ba: a Tokyo an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya fafatawa, ba don an same su da komai ba, sai don ba a yi musu gwaje-gwajen ba-zata uku da doka ta tanada ba.

Sannan akwai lissafin da ke sa jiki sanyi. Cikin samfuran da ake gwadawa duk shekara, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ne ke nuna wani abu. Amma wani nazari da aka yi ta hanyar tambayar 'yan wasa a asirce a gasar duniya ta Daegu a 2011, wanda bai ga hasken rana ba sai 2017, ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 30 sun yi amfani da haramtaccen abu a shekarar da ta gabata. Manyan badaƙalolin ma ba gwaji ya tona su ba. Festina kwastan ne. Shari'ar BALCO, kamfanin Amurka mai samar wa 'yan wasa ƙwayoyi, da ta kai 'yar tsere Marion Jones gidan yari, sirinji ne da wani koci ya aika wa USADA a ɓoye, da kuma jami'an haraji. Lance Armstrong, da aka ƙwace wa kofunan Tour de France bakwai a 2012, shaidar abokan tawagarsa ce ta kayar da shi. Rasha kuwa mata da miji ne da ɗan jarida.

Duk da haka, in an ce a rushe hukumar, sai a tambaya me zai maye gurbinta. Hanya ɗaya ita ce kowace ƙasa ta yi dokarta. Amurka ta taka wannan hanya da dokar Rodchenkov ta 2020, wadda ta ba ta ikon gurfanar da masu safarar ƙwaya ko a wace ƙasa aka yi gasar, muddin akwai ɗan wasanta ko kuɗinta a ciki. Da ita aka hukunta Eric Lira, mutumin Texas da ya samar wa 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare magunguna. Doka ce mai haƙori, amma in Sin da Rasha suka yi irinta, kowa na kama 'yan wani, an koma gidan jiya. Kuma mai dokar barci bai kamata ya ɓuge da gyangyaɗi ba: manyan gasannin cikin gida na Amurka, na ƙwallon kwando da na ƙwallon ƙafar Amurka da na jami'o'i, ba sa ƙarƙashin kundin WADA.

Hanya ta biyu ita ce a saki kowa ya sha abin da ya ga dama, kamar yadda masu shirya gasar Enhanced Games ke tallatawa, wai ƙarƙashin kulawar likita. Wannan ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ranar da aka halasta, zaɓi ya ƙare ga kowa, domin wanda ya ƙi sha ba zai samu gurbi a tawaga ba. Kuma ba a fara zama zakara a shekara 25. A wasannin motsa jiki da ninƙaya, tun ana yara ake shiga hannun koci. 'Yan matan Jamus ta Gabas ma ai a hannun likitoci suke.

Hanya ta uku ta fi ma'ana, kuma an gwada ta. Bayan abin kunyar Diack, hukumar guje-guje ta kafa sashe mai zaman kansa, AIU, a 2017, mai kasafinsa da masu bincikensa, wanda shugaban hukumar ba ya iya ɗaga masa waya. Shi ya kama manyan 'yan gudun fanfalaki na Kenya da dama, har gwamnatin ƙasar ta yi alƙawarin dala miliyan 5 duk shekara na tsawon shekara biyar don gyara. A 2018 kuma aka kafa hukumar gwaji ta ITA da ke gudanar da aikin a Olamfik. Sai dai dukansu a kan kundin WADA suke tsaye, da jerinta suke aiki, ɗakunan gwajin da ta amince da su suke kai samfuri. A cire ginshiƙin, su ma su zube.

Don haka matsayina shi ne ana buƙatar hukuma guda, kuma ciwon wadda ake da ita rashin 'yanci ne da ƙarancin iko. Waɗanda take sa wa ido su ke biyan ta, su ke zaune a majalisarta; Aján kansa ya yi shekaru a kujerar. An yi 'yan gyare-gyare, an buɗe sashen bincike a 2016, an ƙara kujerun 'yan wasa da na mutane masu zaman kansu, an hana shugaba riƙe muƙami a gwamnati ko a IOC, amma rinjaye na nan inda yake. Ina ganin duk lokacin da aka samu gungun 'yan wasan ƙasa ɗaya da sinadari ɗaya, bai kamata hukumar ƙasar ta zama mai bincike ba, kuma a bayyana sakamakon ko da an wanke su. Ya kamata a samu asusun da zai biya gwaji a ƙasashen da ba su da hali, da lauya ga ɗan wasan da ba shi da shi. Mai kwarmata asiri kuma a kare shi, don iyalan Stepanov har yanzu gudun hijira suke.

Kuɗin ma ya zama makami. Bayan batun masu ninƙayar Sin, gwamnatin Amurka ta riƙe kasonta na 2024, dala miliyan 3.6. IOC kuma, da ta ba birnin Salt Lake gasar hunturu ta 2034, ta saka sharaɗin cewa za ta iya ƙwace gasar in ba a mutunta ikon WADA ba. Sabon kundin dokar zai fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2027, shi ne kuma za a yi amfani da shi a Olamfik ta Los Angeles a 2028, a cikin ƙasar da ke rigima da hukumar.